Ƙwallon gora na ƙanƙara: su wa ke riƙe agogo da takardar wasa, kuma me aikinsu ya ƙunsa?

A kowane filin ƙwallon gora na ƙanƙara, wasan da aka fi sani da hoki, akwai wani ɗan tebur a gefen fili, bayan gilashi mai kauri, tsakanin bencina biyu da ake zaunar da ƴan wasan da aka hora. Galibi mutum biyu ne ke zama a wurin. Ɗaya yana riƙe da agogon wasa, ɗayan yana cika takardar wasa. Da Faransanci ana ce wa na farko « chronométreur », na biyu « marqueur ». A lardin Kebek na ƙasar Kanada ana haɗa su a ƙarƙashin sunan « officiels hors glace », wato jami'an da ba sa hawa ƙanƙara, a Faransa kuma ana kiran wurin zamansu « table de marque ».

A manyan gasanni, ma'aikata ne da aka horar ke wannan aiki. A wasannin yara da na masu sha'awa kuwa, iyaye ne, ko yayyen ƴan wasa, ko ɗaliban sakandare, kuma da yawansu ba a biyan su ko sisi. Duk da haka, abin da suka rubuta shi ne hukumar gasa ke ɗauka a matsayin abin da ya faru a fili. Da shi ake ba ƙungiya maki, da shi ake dakatar da ɗan wasa.

Wasan a taƙaice

Ana buga hoki a kan daskararren ruwa, cikin fili mai tsawon kimanin mita 60 da faɗin mita 26 zuwa 30, an kewaye shi da katanga da gilashi. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili, biyar da mai tsaron gida. Suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna tura wani faifan baƙar roba da sanduna masu lanƙwasa. Faifan bai wuce santimita 7,6 a faɗi ba, nauyinsa kuma gram 156 zuwa 170. Mutanen Kebek suna ce masa « rondelle », Faransawa suna cewa « palet ».

Wasan farko da aka tsara a cikin rufaffen fili an yi shi ne a birnin Monreyal ranar 3 ga Maris 1875. An kafa hukumar wasan ta duniya a birnin Paris a 1908, kuma hedikwatarta a yau tana Zurich. A 1994 wata doka ta majalisar Kanada ta ayyana hoki a matsayin wasan ƙasa na lokacin hunturu. Hukumar Hockey Canada ce ke kula da wasan masu sha'awa a ƙasar, ta hanyar rassanta irin su Hockey Québec, su kuma rassan suna dogara da ƙananan ƙungiyoyin unguwanni da garuruwa waɗanda ƴan sa kai ke tafiyar da su.

Dalilin ware wa agogo mutum guda

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ya san cewa agogo yana hannun alƙalin wasa, yana tafiya ba tsayawa, sai a ƙarshe a ƙara ƴan mintuna. A hoki tsarin daban ne. Ana raba wasa zango uku, kowanne minti 20 a manyan gasanni, kuma lokacin da faifai ke cikin wasa kaɗai ake ƙirgawa. Agogo yana rataye a babban allo, kowa yana gani, yana sauka daga 20:00 zuwa 0:00. Da alƙali ya busa usur sai a tsayar da shi, da ya sake jefa faifai tsakanin ƴan wasa biyu sai a tayar da shi. Ana yin haka sau da dama a kowane zango. Alƙalin da ke gudu a kan ƙanƙara yana bin faifai ba zai iya haɗa wannan da aikinsa ba, shi ya sa ake ba wani mutum na daban.

Ƙa'idar aikin mai agogo gajera ce: idonsa a kan hannun alƙali, kunnensa a kan usur, yatsansa a kan maɓalli. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne shagala da kallon wasan. Sai a ci, mutum ya tashi yana tafi, agogo yana ta tafiya. Ko kuma a jefa faifai, a yi daƙiƙa ashirin ana wasa agogo yana tsaye. Idan haka ta faru, alƙali ne ke da ikon cewa a mayar da daƙiƙa kaza ko a rage su. Mai agogo ba ya gyara da ra'ayin kansa.

Ban da wannan, shi ne ke saita mintunan motsa jiki kafin wasa, da hutun tsakanin zango, da hutun daƙiƙa 30 da ƙungiya ke iya nema sau ɗaya a wasa inda doka ta yarda. Shi ne ke sa adadin ci a allo, kuma shi ke tabbatar da cewa ƙaho ya yi ƙara a ƙarshen zango. Faifan da ya shiga raga bayan agogo ya kai sifiri ba ci ba ne.

Darajar daƙiƙa guda ta fito fili a babbar gasar ƙwararru ta NHL ranar 1 ga Fabrairu 2012. Ƙungiyar Kings ta Los Angeles tana kunnen doki da Blue Jackets ta Columbus, sai agogo ya ɗan tsaya a kan daƙiƙa 1,8 alhali ana cikin wasa. Drew Doughty ya ci saura daƙiƙa 0,4, Kings ta yi nasara da 3 da 2. An yi ta muhawara, amma sakamakon bai canja ba. A wannan shekarar Kings ta shiga zagayen ƙarshe a matsayi na takwas a yankinta, ta kuma ɗauki kofin Stanley.

Lokacin yara da hayar fili

A wasannin yara zango ya fi gajarta, yakan zama minti 10, 12 ko 15, gwargwadon shekaru da dokar yanki. Tun 2020 Hockey Canada ta koma kiran rukunan da shekaru, daga ƴan ƙasa da 7 zuwa ƴan ƙasa da 18, abin da a Kebek ake rubutawa M7, M9, M11, M13, M15 da M18. A rukunan ƙanana ana raba fili biyu, galibi ba a ma ƙirga ci, aikin mai agogo kawai ya busa ƙaho bayan ɗan lokaci don a sauya yaran da ke fili.

Akwai kuma agogo na biyu da ƙwararru ba su damu da shi ba, wato na bango. Hayar fili ake yi da awa, kuma da lokaci ya cika motar gyaran ƙanƙara za ta shiga, wata ƙungiya tana jira a bakin ƙofa. Saboda haka wasu gasanni ke amfani da lokaci mai gudana, inda agogo ba ya tsayawa ko an busa usur. Wasu kuma suna komawa ga wannan tsari ne idan tazarar ci ta yi yawa, misali biyar ko bakwai, don kada a daɗe ana lallasa ƙungiyar da ta riga ta sha kashi. Ya zama dole mai agogo ya san dokar gasar da yake yi wa aiki kafin a fara, domin abin da ake yi a wannan gari ba lallai ne a yi shi a na gaba ba.

Lissafin horo

Nan ne aikin ya fi wuya. A hoki ɗan wasan da ya yi laifi ana fitar da shi na wasu mintuna, ya zauna a bencin horo kusa da tebur, ƙungiyarsa ta ci gaba da wasa da ragin mutum ɗaya. A Kebek ana ce wa bencin « banc des punitions », a Faransa kuma « prison », wato kaso. Manyan nau'o'in horon su ne:

- Ƙaramin horo, minti 2, kan laifuka irin su taɗiye, riƙo ko saƙala sanda. Akan ninka shi ya zama minti 4.
- Babban horo, minti 5, kan laifi mai haɗari ko faɗa. A wasan yara yawanci yana zuwa tare da kora.
- Horon rashin ɗa'a, minti 10. Ɗan wasan yana zaune, amma ƙungiyarsa ba ta rasa mutum a fili.
- Kora daga wasa, wadda sau da yawa dakatarwa ke biyo bayanta.

Tsawon horo ma yakan canja. A Amurka ana rage ƙaramin horo zuwa minti ɗaya da rabi ko minti ɗaya idan zangon gajere ne, a wurare da yawa kuma ana mayar da shi minti 3 idan ana lokaci mai gudana.

Da yake agogo sauka yake yi, lissafin ragi ne. Wanda aka hora minti 2 saura 8:30 zai fita saura 6:30. Idan kuma saura daƙiƙa 40 a tashi zango aka hore shi, yana da sauran 1:20 a zango na gaba. In zangon na minti 15 ne, zai koma fili agogo yana nuna 13:40.

Sai dokokin da ke rikita sabon shiga. Idan aka ci ƙungiyar da ke da ragin mutum, ƙaramin horo ya ƙare nan take, ɗan wasa ya fita ko da lokacinsa bai cika ba. Idan mutum biyu ne a benci, wanda lokacinsa ya fi kusa da ƙarewa shi ke fita. Idan horon ninki ne, kashin da ake ciki kaɗai ke faɗuwa. Babban horo kuwa ba ya faɗuwa, ko sau uku aka ci sai minti biyar sun cika. Idan ƙungiyoyin biyu suna da adadin mutane daidai a fili, cin ba ya sakin kowa.

Haka nan doka ba ta yarda ƙungiya ta gaza mutum uku da mai tsaron gida ba. Idan aka hori na uku alhali biyu suna benci, zai shiga ya zauna, amma lokacinsa ba zai fara ba sai na farko ya ƙare. Shi ya sa takardar wasa ke da gurbi ɗaya na lokacin da aka fitar da ɗan wasa, da wani na lokacin da horonsa ya fara. Wanda ke zaman minti 10, ko da lokacinsa ya cika, sai ya jira an busa usur kafin a buɗe masa ƙofa. Mai tsaron gida kuma ba ya barin raga saboda ƙaramin horo, wani abokin wasansa ne ke zauna masa, sai a rubuta lambobinsu su biyu.

Kuskure a nan yana da tsada. Idan tebur ya saki ɗan wasa kafin lokacinsa, ba a ƙara masa horo tunda laifin ba nasa ba ne, amma zai koma ya cika abin da ya rage, kuma duk cin da ƙungiyarsa ta yi yana cikin fili ana soke shi.

Takardar wasa

Aikin marubuci yana farawa tun kafin a jefa faifai. Yana karɓar jerin sunayen ƴan wasa da lambobin rigunansu daga masu horar da ƙungiyoyin biyu, ya tabbatar an nuna kyaftin da masu tsaron gida, an kuma nuna wanda ke zaman dakatarwa. Yana rubuta lambar wasa, rana, fili da rukunin shekaru, masu horarwa su sa hannu.

Da an ci, alƙali yakan zo gaban tebur ya faɗi lambobi: wanda ya ci, sannan waɗanda suka taimaka, mutum biyu ne iyaka. Marubuci ya sa lambobin tare da zango da lokaci. Idan horo ne, alƙali yana nuna laifin da alamar hannu, don haka sai marubuci ya san alamomin, ya rubuta lamba, laifi, mintuna, lokacin fita, lokacin farawa da lokacin komawa. Wasu hukumomi suna son a rubuta lokacin da ke kan allo, wasu kuma lokacin da ya shuɗe tun farkon zango, wanda ke buƙatar ƙarin lissafi. Waɗanda suka daɗe a aikin sukan fara rubutawa a wata takarda ta daban, sai an sami sarari su kwafe a tsanake. Bayan wasa marubuci ya haɗa jimilla, alƙalai su duba su sa hannu, kowace ƙungiya ta karɓi kwafi, asalin kuma ya tafi hukumar gasa.

A ƴan shekarun nan kwamfutar hannu tana maye gurbin takarda mai kwafi. Manhajoji irin su GameSheet da Spordle suna ɗauko sunayen ƴan wasa daga rajista, suna lissafa lokacin ƙarewar horo, suna kuma aika sakamako ta intanet da an tashi. Sun rage matsalar mummunan rubutu da ɓacewar takarda. Amma lambar da aka danna bisa kuskure tana isa hukuma da sauri kamar ta gaskiya, kuma filaye da yawa suna ajiye takarda ko da caji zai ƙare.

Abin da ke rataye a kan takardar

Na farko shi ne dakatarwa. Kwamitin ladabtarwa bai halarci wasan ba, takarda da rahoton alƙali yake karantawa. Idan aka rubuta 12 a maimakon 21, yaron da bai yi komai ba zai iya rasa wasanni, mai laifin kuma ya ci gaba da wasa har sai an gyara. Ƙungiyar da ta sa ɗan wasan da ke ƙarƙashin dakatarwa tana iya rasa makin wasan baki ɗaya. A dokar Hockey Canada, wanda ya yi laifin sanda sau uku a wasa ɗaya ana korarsa, kuma tebur ne ke ƙirgawa ya sanar da alƙali.

Na biyu shi ne teburin gasa. A Kebek akwai tsarin da ake kira « Franc Jeu »: ƙungiyar da mintunan horonta ba su wuce wani adadi ba a wasa tana samun ƙarin maki ɗaya, ko ta ci ko an ci ta. Jihar Minnesota ta Amurka ma tana da irinsa. Ke nan minti biyu da marubuci ya manta, ko ya rubuta sau biyu, suna iya sauya matsayin ƙungiya a ƙarshen kaka.

Na uku shi ne tarihin ɗan wasa. An san cewa Wayne Gretzky ya ci sau 378 a kakar 1971-1972 a garinsu Brantford, yana yaro ɗan kimanin shekara goma. Irin wannan adadi daga takardun wasannin yara yake fitowa. Yawancin yara ba za su zama ƙwararru ba, amma masu neman ƴan wasa na manyan ƙungiyoyi da makarantu suna duba waɗannan alƙaluma.

Yadda ake samun masu aikin

A al'ada ƙungiyar da ke karɓar baƙi ce ke kawo masu tebur. Manajan ƙungiya, wanda shi ma uba ne ko uwa, yakan tsara jadawali a farkon kaka, kowane gida ya san ranarsa. Wasu ƙungiyoyi suna karɓar kuɗin ajiya daga iyaye, a mayar musu idan sun cika awannin sa kai. Wasu suna ba matasa ɗan abin hasafi a kan kowane wasa. A lardin Ontariyo, inda ɗalibi ke buƙatar awa 40 na hidimar al'umma kafin ya sami takardar kammala sakandare, tebur yana cikin wuraren da ake cika su. Manyan gasannin yara, irin wadda ake yi a birnin Kebek galibi a watan Fabrairu tun 1960 ga ƴan shekara 11 da 12, suna tafiya ne da ɗimbin ƴan sa kai.

Horarwar ba ta da tsawo. Rassan hukuma suna da littafin jagora na jami'an tebur, wasu ƙungiyoyi suna shirya zama na awa ɗaya ko biyu a gaban na'urar agogo, sauran kuma a koya a gefen wanda ya iya. Na'urorin sun bambanta daga fili zuwa fili, shi ya sa ake son mutum ya iso da wuri ya gwada maɓallan. Ba a buƙatar ya taɓa hawa ƙanƙara. Iyalan da suka fito daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka zauna a Kebek, idan suka sa yaro a hoki, wannan jadawali yana iso gare su kamar kowa, kuma sau da yawa a nan baƙo ke fara sanin dokokin wasan da sauran iyayen unguwa.

Sanyi, hayaniya da adalci

Wurin zaman yana da sanyi, domin ƙanƙarar da ke gabansa tana ƙasa da sifiri da ƴan digiri. Masu aikin sukan zo da bargo, da safar hannu mai yankakken yatsu, da biro fiye da ɗaya. Wasan yara kuma yakan faɗo da sassafe a ƙarshen mako. Su ne ke buɗe ƙofar bencin horo su rufe ta, kuma ƙofar da ba ta rufu da kyau ba haɗari ce ga wanda aka tura jikin katanga. Su ne kuma ke zama da yaron da aka fitar yana huci, wani lokaci na ɗaya ƙungiyar yana ɗaya bencin suna musayar magana.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne rashin ɗaukar ɓangare. Uwar da ke riƙe da agogo, ɗanta yana fili, ƙungiyarsa tana neman farkewa saura daƙiƙa goma, a wannan lokacin jami'a ce a ƙarƙashin alƙali. Ba ta tafi, ba ta ba da umarni, ba ta jayayya da hukunci. Uban da ya ga ɗansa ya taɓa faifai kafin a ci ba shi da ikon ƙara lambarsa idan alƙali bai faɗa ba. Iyayen baƙi suna kallon allo, kuma jinkirin daƙiƙa biyu ya isa a fara zargin son kai.

Cin zarafin jami'ai matsala ce da hukumomin wasan suka amince da ita. A 2021 Hockey Canada ta ware wani babi na dokokinta kan cin zarafi da kalaman wariya, a wasu yankuna kuma alƙalai masu ƙananan shekaru suna ɗaura koren ƙyalle a hannu don manya su tuna cewa yara ne. Dokar kare jami'ai ta haɗa da masu tebur. Idan ɗan wasa ko mai horarwa ya zage su, ko suka ji kalaman wariya a bencin horo, alƙali suke gaya wa a tsayawar wasa ta gaba, shi ne zai yanke hukunci ya rubuta rahoto.

Idan an tashi wasa, ƴan wasa suna gaisawa a tsakiyar fili, motar gyaran ƙanƙara tana shirin shiga, masu tebur suna da sauran aiki: su haɗa jimillar ci da mintunan horo, su kai wa alƙali ya sa hannu, su mayar da allo sifiri saboda ƙungiyoyin da ke jira.